Ƙwayoyi Biyu a Tafin Ikilima

Ruwa yana sauka a hankali kan kwanon gidan Baffa Sali a unguwar New Bell, ranar da Ikilima ta je duba shi. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce, magani ya yi tsadar da sai mai hali. Ita kuwa nas ce a wani ƙaramin asibiti a Nkololoun, saura wata guda a ɗaura aurenta da ɗansa Jibirin. Duk hanya tana tafe tana tsara ɗakinta a zuci, har da kalar labule.

Ta samu tsohon a kishingiɗe, ido rabi a rufe.

"Yanzu jirgi ya sauke ni a Ngaundere," in ji shi da murya can ƙasa. "Ga mahaifiyata a bakin rijiya, tana yafuto ni."

Matarsa Inna Delu ta share hawaye. "Sati uku ke nan, 'yata. Daga barci sai jiri, sai zancen waɗanda suka rasu." Ta zaro ƙwayoyi daga ƙullin gyalenta, ta sa wa Ikilima a hannu. "Yau ke za ki ba shi na tansiyon, na hawan jinin nan. Fara ɗaya, rawaya ɗaya. Ya fara shan albarkar hannun surukarsa."

Karramawa ce babba. Amma Ikilima ba ta taɓa bai wa mutum maganin da ba ta karanta ba. Ta nemi a ba ta fakitin kowace, ta juya na farko, ta juya na biyu. Manyan sunayen daban, amma ƙaramin rubutun da ke ƙasa iri ɗaya ne sak, ƙarfinsu ma ɗaya. Ta nemi izini ta kama hannun Baffa, ta ji bugun jininsa ya yi sanyi.

"Inna, ki gafarce ni. Ba zan iya ba shi duka biyun ba. Magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Sau biyu yake sha."

"Iye! Fari da rawaya ne ɗaya? Makauniya kika mai da ni?"

"A bar ɗaya tukuna, likita ya gani."

"Shekara talatin ina jinyar mutumin nan! Ba ki shigo ba kin fara ƙirga masa abin da zai haɗiya? Tashi ki ba ni wuri!"

Kafin magariba saƙo ya isa gidansu Ikilima: a dakata da maganar aure.

Jibirin ya zo ƙofar gida a jiƙe. "Haba Ikilima, pardon, don Allah! Ƙwaya ɗaya tak! Ki je ki ba shi a gabanta, shi ke nan, c'est fini."

"Yaya, da hannuna? Ko za a fasa, ba zan yi ba." Ta miƙa masa 'yar takarda da ta rubuta sunayen biyu. "In kana sona, gobe ka kai shi wurin likitansa da fakitin duka."

Kwana tara ba ta ji komai ba. Takan zauna bakin taga tana kallon ruwa yana gangarawa kwata, tana ganin kanta cikin lalle, sai hawaye ya goge hoton. Ba ta kai ƙarar kowa ba, ba ta faɗi baƙar magana kan Inna Delu ba.

Rana ta goma da hantsi aka yi sallama. Baffa Sali ne da ƙafarsa, Inna Delu na biye tana wasa da bakin mayafi. Jibirin ya kai shi asibiti, an tsayar da ɗaya. Ashe tun farko likita ya musanya masa mai tsadar da mai araha ne, ita kuwa don ƙauna ta haɗa masa duka.

"Ina 'yar tawa mai taurin kai?" in ji Baffa. "Kin hana ni tafiya, ga shi har na fara faɗa da masu kayan miya a kasuwar Sandaga!"

Inna Delu ta kama hannunta. "Da kin ji kunyata ranar nan, da yanzu ina takaba. Ki yafe mini. Ki kuma koya mini wannan ƙaramin rubutun."

Aka ɗaura aure ranar da aka sa tun farko.

To, 'ya'yana, kunyar manya ado ce, amma ba a biyanta da ran mutum. Wanda aka damƙa wa magani ya karanta kafin ya miƙa, ya faɗi gaskiya cikin ladabi, sannan ya yi haƙuri. Ikilima ta yi hakan, ta samu miji, ta kuma samu suruki da rai.