Djaïba Ta Yi Azumi Talatin

Ruwan Libreville ba ya sallama. Haka ya sauko wa Sabitu a ka ranar da ya karɓo wa mahaifiyarsa buhun hulba daga tashar jirgin ruwa ta Port Môle, ya sha cunkoso a taksi har unguwarsu Nombakélé. Lemar da ke hannunsa buhun ya rufa wa, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Yana isowa ɗakin magani ya ga takalmin mace a bakin labule, sai ya ja ya tsaya. Dokar Inna Iyatu ce: in da takalmin mace a wurin, namiji ba ya shiga, ko da ɗanta ne tilo.

Shekara ashirin ke nan Inna tana haɗa wa mata maganin gargajiya a lungun nan, tun zuwansu daga Kano. Abin da ya sa mata suka yarda da ita guda ne, duk abin da aka faɗa a ɗakinta a ɗakin yake mutuwa.

Labule ya ɗaga, wata yarinya ta fito da ƙullin leda a hannu. Ba kwalliya, idanu sun faɗa, kana gani ka ga wadda ta gaji. Ta dubi ruwan ta yi ajiyar zuciya.

"Ga lema," in ji Sabitu.

"Kai fa, Malam?"

"Ni ai na gama jiƙewa, ba sauran abin ceto."

Ta yi ɗan guntun murmushi. "Ina zan dawo maka da ita?"

"Layin 'yan takalma, kasuwar Mont-Bouët. Ki ce Sabitu na Inna."

Ta dawo da ita bayan kwana uku, har da godiya. A nan ya ji sunanta Djaïba, 'yar Alhaji Hamadou mutumin Garwa ta Kamaru, mai shagon atamfa a unguwar Awendjé. Kafin ta tafi ya karɓi lambar wayarta, wai ko za ta sake buƙatar lema.

Shekarun nan ne da man fetur ya yi tsada a duniya, kuɗi suka cika gari, manyan motoci suka toshe tituna. Ɗan kasuwa kuwa, abin da ya samu daga ciki shi ne ciniki da ciwon baya. Daga asuba zuwa magariba suna tsaye, shi a cikin takalma, ita a cikin atamfa, sai saƙon waya ke haɗa su.

"'Yar Garwa, yau na sayar da takalmi sha biyu, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Amma na tuna ki, gajiyar ta ragu da rabi."

"Rabi kawai, Bakano? To riƙe ɗaya rabin, ni ma tawa ta ishe ni."

"Kawo taki in haɗa in ɗauka."

"Ba za ka iya ba."

Shi ya ɗauka wasa take. Bai san abin da ke kai ta ɗakin Inna ba. Al'adarta ce take yin wata biyar, wata shida ba ta zo ba. Ga nauyin jiki, ga mara a kumbure, ga 'yan gashi a haɓa da take tsigewa a ɓoye, ga kasalar da barci ba ya maganinta. Ranar farko Inna ta ce, "Ni ba na ba da magani a duhu," ta tura ta asibiti. Aka yi hoton ciki da gwajin jini, likita ya ce homon ɗinta ne suka hargitse, wato sinadaran da ke tafiyar da al'adar mace. Haihuwa tana iya zuwa, tana iya yin wuya, ba wanda zai yi mata alkawari.

Sannan Inna ta ɗora ta a kan jiƙon hulba da safe, shayin kirfa da na'a-na'a da yamma, zogale a miya. Ta raba ta da lemon kwalba da burodi da madarar gwangwani, ta ce ta riƙa sauka daga taksi da nisa tana ƙarasawa a ƙafa. "Na likita ma kar ki ajiye," in ji ta. Wata bakwai ana abu ɗaya. Jiki ya ɗan yi sauƙi, kasala ta ragu, amma al'ada sau ɗaya ta leƙo ta koma.

Da Sabitu ya kai wa Inna maganar aure, tana tankaɗe garin zogale. Hannunta ya tsaya.

"Ba ita ba."

"Me ta yi, Inna?"

"Ba ta yi komai ba."

"Don 'yar Kamaru ce?"

"Kai, tafi can! Ni da rabin masu shigo min 'yan Kamaru ne? Ga Rahmatu 'yar Malam Audi nan, kullum sai ta aiko da gaisuwa, har dambu take yo maka."

"Ni dalili nake so."

"Ba ni da dalilin da zan iya ba ka."

Wallahi gaskiya ta faɗa, dalilin amana ne a wuyanta. Sabitu ya fita ransa a ɓace. Ya rasa me zai ce wa Djaïba, sai ya yi kwana huɗu bai ce komai ba. Ita kuwa da ta ji shiru, kuma ta ji labarin dambun Rahmatu, sai ta yanke cewa an tona mata asiri, ta aika masa da saƙon waya.

"Na ji shiru. In an faɗa maka, ba komai, na yafe. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"An faɗa min me, 'Yar Garwa?"

Ta daina ɗaga wayarsa, ta daina zuwa ɗakin Inna, hulbar ma ta ajiye.

Ana cikin haka azumi ya kama. A masallacin da 'yan Arewa ke taruwa, mata na zuwa tafsiri da hantsi, kuma kowa ta san tsarin: mai tsarki ta shiga ciki, mai fashin salla ta zauna a baranda ta saurara daga waje. Ba mai tambayar wata, amma ido na aiki. Djaïba ta nemi sauƙin zuciyarta a wurin Allah, kullum tana sahun gaba. Kwana talatin, ko sau ɗaya ba a gan ta a baranda ba.

Balki mai ƙosai ce ta fara haɗa zancen ranar Salla. "Budurwa da azumi talatin cif? Kun kuwa ga marar? Kuma Iyatu, da ke gane cikin mace tun daga bakin ƙofa, ta ce ɗanta ba zai aure ta ba. Ai ruwa ba ya tsami banza."

Kafin mako ya zagayo, zance ya gama Awendjé ya shiga Mont-Bouët. Mahaifiyar Djaïba ta san gaskiya, to amma ta ce me? Ta ce ba ciki ba ne, a ce to mene ne? Ta faɗa, a laƙaba wa 'yarta juya tun ba ta shiga ɗaki ba. Alhaji Hamadou ya daina zama a ƙofar shago.

Sabitu ya ji a bakin maƙwabcin rumfarsa. Ya rufe rumfa da la'asar sakaliya ya nufi Awendjé, ya aika ciki, ya ce ba zai tafi ba sai ta fito. Ta fito da wata ambulan ta asibiti, ta zauna nesa da shi a kan benci. Ta rame, har ta ba shi tausayi.

"Ban zo tambayarki ko gaskiya ne ba," ya ce. "Na san ƙarya ne."

"Na gaji, Sabitu. Na gaji da ɗacin magani, na gaji da ɓoyo, na gaji da idon mutane." Ta miƙa masa ambulan ɗin, ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa. "Wataƙila ba zan taɓa haifa maka ba. Inna ta sani, shi ya sa. Na zaci ta gaya maka."

"Ko kalma ɗaya." Ya juya takardun Faransancin da ba ya iya karantawa. "Likita cewa ya yi ba za ki haihu ba?"

"Cewa ya yi ba a sani ba."

"To ni an sani ne? Wa ya yi min hoton ciki?"

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye.

"Djaïba na ce ina so," in ji shi a hankali. "Ke ɗin nan, da hulbarki da komai."

Ta share ido da gefen mayafi. "To ka ce wa Inna na sauke mata amanar, iya kai kaɗai."

Ya sami Inna zaune a tsakanin kwalabenta, ba ta aikin komai. Ashe Balki da kanta ta zo sayen kanumfari, ta yi ta zungurarta da tambaya, Inna kuma ba bakin magana saboda amana. Da ya isar da saƙon Djaïba, sai ta rufe fuska da tafin hannu.

"Na kama bakina don in rufa mata asiri, ashe shirun nawa ne ya ɗora mata abin da ba ta yi ba. Innalillahi."

"Inna, jika ne damuwarki?"

"Zauna." Ya zauna. "Ka san abin da ya koya min sana'ar nan? Ciwonta ne ciwona. Shekara goma sha ɗaya na yi kafin in same ka. Ubanka, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma na ga ranar da tambayar dangi ta gajiyar da shi, ya daina kallon idona in muna magana. Har yau ban warke daga ranar nan ba. Tsoro nake kai ma ka gaji, yarinyar nan ta gani a fuskarka."

"Ba zan rantse miki ba zan gaji ba, Inna, ɗan Adam ne ni. Amma in na gaji, kina nan, ki ja min kunne. Ke ba ki samu mai tsaya miki ba. Ita ta samu mana."

Washegari da rana tsaka Inna Iyatu ta yafa babban mayafinta ta shiga Awendjé. Ta wuce ta gaban kaskon Balki, ta shiga shagon Alhaji Hamadou, ta kamo hannun Djaïba ta fito da ita bakin titi, tana cewa da ƙarfi, "Zo ki raka ni, surukata." Ba ta yi wa kowa bayani ba. Matan da suka karanta ƙinta, su suka karanta yardarta, zance ya mutu murus. Ranar Juma'a Kawu Mamuda, ƙanin mahaifin Sabitu, ya kai goro.

"Bakano, na koma shan hulba. Har yanzu ɗaci."

"Ki rage min, amarya. Ɗacin ma tare za mu sha."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya Nombakélé, ɗaki ya cika da mata da guɗa da turaren wuta, aka shiga addu'o'in da aka saba. Balki, da yanzu ta fi kowa zaƙewa, ta ɗaga murya: "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki! Baɗi war haka muna suna!"

Inna tana riƙe da hannun amarya a ƙarƙashin lulluɓi. Ta matse shi, ta ɗago kai.

"Balki, a gidan nan ba a ƙirga wa amarya wata. An ƙirga min, na san zafinsa. Mai addu'a ta ce Allah ya ba su lafiya, ya ba su haƙuri da juna. Sauran ta bar wa Mai bayarwa."

Can wata tsohuwa daga kusurwa, wadda ba ta taɓa goyo ba, ta ce "Amin" da muryar kuka, sauran suka amsa. Djaïba ta kwantar da kanta a kafaɗar Inna, ta yi kukan da ta shekara tana haɗiyewa.

"Yi abinki, 'yata," in ji Inna. "Kin iso gida. Allah ya yi muku albarka."