Makokin da Babu Gawa

Shaaa... shaaa... kamar wani ƙaton kifi na jan ciki a kan katakon ɗakin.

Losaline ta buɗe ido cikin duhu. Tun da aka sallamo ta daga asibitin Nuku'alofa, babban birnin ƙasarsu, barcinta bai yi nauyi ba. Ta dafe mararta, ta leƙa falo.

Kalolaine ce, yayar mijinta, tana naɗe tabarmi da zanen ɓawon itacen da ta kawo don shimfiɗar jariri.

"Yaya... ina za ki kai su?"

"Inda za su yi amfani! An ce an duba cikinki ba a ga kowa ba, ko ƙarya ne?"

"Jakar da ɗa ke kwanciya a ciki tana nan, Yaya. Nas ta ce jikina ya yi duk abin da jikin mai ciki ke yi, ɗan ne bai ginu ba. Ta ce ba laifin kowa ba ne."

"Jaka!" Kalolaine ta sheƙe da dariya. "Da jaka kika sa muka yanka aladu muka tara dangi? Ga Fetu'u ɗiyar fasto na ba ƙanena, ya ce sai 'yar tsibirin Ha'apai mai amai da safe. Ashe iska kika haɗiya!"

Mijinta Semisi na tsaye bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Namiji ba ya mayar wa 'yar'uwarsa magana, balle zancen ciki a gabanta. Losaline ta san haka. Duk da haka ta zuba masa ido har Kalolaine ta fice da kayan.

"Zuciyata..."

"Kada ka kira ni haka."

"Yayata ce. Me kike so in ce?"

"Ka ce ka ji ni ina yi masa waƙa! Ka ce kai ma ka sa kunne a cikina kana dariya!"

Ya juya ya koma ɗaki.

Da gari ya waye ta sa baƙaƙen kaya, ta ɗaura tsohuwar tabarmar makoki a ƙugu kamar yadda al'adarsu take. In an yi rasuwa a ƙauyen, mata kan ajiye sandunan da suke bugun ɓawon itace da su don yin zane har a share makoki. Ta zauna a baranda tana jiran shirun. Sai ga bugun ya tashi daga kowane gida, tum tum tum, na gidan Kalolaine ya fi kowanne ƙarfi.

Semisi ya fito a guje.

"Don Allah ki cire, mutane na kallo! Wa za mu ce ya mutu?"

"Wa na yi ta jira, Semisi?"

"Likita ya ce... babu..."

"To ni na haukace ke nan. Har yau ƙirjina ciwo yake, jikina bai ji labarin ba. Kai kuwa har ka ji, ka yarda."

Ba ta cire ba. A coci aka bar mata benci ita kaɗai, Fetu'u na rera waƙa tana satar kallon Semisi. Ranar tashin jirgin ruwan Ha'apai, tsibirin iyayenta, Losaline ta ɗauki akwatinta.

Tana kan layin shiga ta ji muryarsa.

"Losa! Losa, tsaya!"

Baƙar riga ce a jikinsa, da wata yagaggiyar tabarma ta kakansa tun daga ƙirji har gwiwa. Ya ɗaura ta a karkace, yana haki.

"Ta ƙofar gidan Yaya na biyo. Ta gan ni. Ɗana ne, Losa, ko ban gan shi ba. Ki dawo mu yi kukansa tare."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ajiye akwatin, ta kwance igiyar ƙugunsa, ta ɗaure masa ita daidai.

"Ta yi maka kyau," ta ce a hankali. "Da ma a wancan daren ka sa ta."

Ta ɗauki akwatinta ta hau, ba ta waiwayo ba.

Tsohuwa Vika maƙwabciyarsu, da ta zo aika kwandon doya, ta dubi Semisi sama da ƙasa, ta dubi jirgin da ke ja da baya.

"Ɗan nan, mun shiga uku! Wa ya rasu ban ji ba?"