Motar da Ta Daina Sanyi

Da hantsi Hajiya ta shigo ofishin 'yan sanda da ƙara: sarƙar zinaren da ta gada daga mahaifiyarta ta ɓace daga ɗakin kwananta. Ta taho da wadda take zargi, Iya, tsohuwar da ke yi mata shara tun kafin ta haifi ɗan fari.

"Ita kaɗai ke shiga ɗakin," in ji Hajiya.

Iya ba ta yi kuka ba. Daga bayan kantar ofishin ta dubi Sufeto ta ce, "Ɗana, in na ɗauka a ina zan rataya ta? A wuyan nan?"

Sufeto ya ce sai ya ga gidan. Motar ofis ba mai, don haka ya shiga ta Hajiya, ya zauna kusa da direba. Kafin su fita layin, gumi ya jiƙa masa kwala.

"Direba, wannan esi ne ko murhu?"

"Yallaɓai, tun shekaranjiya yake hura zafi."

"Sarƙar fa, yaushe ta ɓace?"

"Shekaranjiya," in ji Hajiya daga baya.

Sufeto ya kara tafin hannunsa a bakin iskar.

A gida Hajiya ta ba da labari. Suna shirin fita ne ta buɗe akwatin sarƙar ta tarar da shi wayam. Nan take ta sa maigadi ya kulle ƙofa, aka caje kowa, har da Auta, ƙanenta da ke zaune a gidan. Ba a sami komai ba.

Sufeto ya juya ga Auta. "Ina kake lokacin?"

"A falo, ranka ya daɗe."

"Ba ka shiga motar ba?"

"Rabona da ita tun makon jiya. Babur ɗina ya ishe ni." Sai ya dubi Hajiya. "Yaya, ai na ce ki ba ni ita in kai wa bakanikena, kin ƙi."

Sufeto ya yi mamakin yadda zafin mota ya dami mutumin da ba ya shigarta.

A tsakar gida ya sa direba ya ɗaga bonet. Ƙura ta rufe komai, ban da wani ɗan murfi a jikin bututun esi, wanda ke ƙyalli.

"Wa ya taɓa esin nan?"

Direba ya sosa ƙeya. "Na kai an ƙara gas a ɓoye, Yallaɓai. Tsoro na ji kada a ce ni na lalata. Amma zafin bai daina ba."

"Wa ke zaune a gaba da safiyar shekaranjiya?"

"Ni direba ne, titi kawai nake kallo."

"Motar a tsaye take lokacin."

Direba ya sunkuyar da kai.

Suka wuce garejin mai gyaran esi. Bakaniken ya tayar da injin, ya jona agogon awo, ya saurara.

"Gas a cike. Kwamfiresa na kamawa. Taɓa wannan bututun, Yallaɓai."

Sufeto ya taɓa, ya janye hannu. Sanyi ƙarara.

"To ina sanyin yake tafiya?"

"Yana nan ciki, hanya ya rasa. A bayan dashbod akwai wata 'yar ƙofa mai raba iskar sanyi da ta zafi. In wani abu ya tokare ta, sai ta tsaya a ɓangaren zafi."

"Kamar me?"

"Biro, makulli, cokalin yara. Ta ramukan nan na ƙasan gilashi suke faɗawa. Sai an kwance dashbod gaba ɗaya ake ciro su."

Sufeto ya haska tocila a ramukan ɓangaren fasinja. Robar duk ta karce. Ya lalubi ƙarƙashin kujera, ya zaro wayar rataye kaya da aka miƙar, aka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya.

Ya kira Hajiya a waya. "Ki faɗa a falo, da ƙarfi, cewa bayan azahar za a kwance dashbod. Kada ki ƙara komai. Sannan ki taho."

Tun kafin a kira salla babur ɗin Auta ya tsaya a bakin gareji. Sufeto na tsugune bayan wata mota, riƙe da sifana.

Auta ya ja bakaniken gefe. "Oga, in ka ga wani abu a ciki, ni za ka ba. Kada ka kira Yayata. Zan saka maka da alheri."

Sufeto ya miƙe. "Wane abu ne?"

Auta ya ja da baya.

A gaban Hajiya aka kwance dashbod. Bakaniken ya zura yatsu biyu ya jawo sarƙar, wadda ta nannaɗe a gindin 'yar ƙofar.

"Ina zaune a gaba ina jira a rage mini hanya, na ji Yaya ta ce a kulle ƙofa," in ji Auta. "Na ɗauka ramin ba zurfi. Da na tura ta, sai na ji ta sulale." Ya dubi Hajiya. "Ta mahaifiyarmu ce, ba taki ke kaɗai ba. Amaryata na yi niyyar bai wa."

"Shi ya sa ka bar Iya ta kwana da sunan ɓarauniya? Matar da ta goya ka?" in ji Hajiya.

 Wani saje da Sufeto ya kira ya sa wa Auta ankwa ya tasa ƙeyarsa.

Da la'asar aka ɗaure dashbod. Bakaniken ya murɗa maɓalli, sanyi ya feso.

A ƙofar ofis Hajiya da kanta ta buɗe wa Iya mota. "Iya, ki yafe mini. Shigo, an gyara, akwai sanyi."

Iya ta kwance makullin ɗakin daga bakin zanenta, ta ɗora shi a kan kujerar.

"Sanyin ya yi miki amfani, 'yata," ta ce. Ta gyara mayafinta ta bi titi a ƙafa.