Gwangwanin Nuriyya

Wata Asabar ce a ƙarshen damina. An idar da sallar la'asar, Gwadabe ya jera baburansa a ƙofar gidansa a Gaya yana goge su da tsumma. Babura ne masu caji, ƙananan nan da ba sa shan mai, ba sa hayaƙi, ba sa ƙara. Sana'ar tasa kuwa, har gobe akwai 'yan unguwa da ba su yarda sana'a ba ce. Mutanen birni ne ke zuwa daga Kano a ƙarshen mako, ya ba kowa babur, ya shige gaba, ya kai su bakin kogi ta wajen Toranke su kalli faɗuwar rana. A waya ya ga ana yin haka a ƙasashen bakin teku, ya ce to mu ba mu da teku, amma ai ranar ɗaya ce. Dattawan majalisa suka yi ta dariya: ranar da ke faɗuwa kullum a bayan gidan kowa, ita za a taso daga Kano a zo kallo? Sai ga shi ana zuwa.

Babur ɗin da yake hawa da kansa ya fita daban. A jikin kansa akwai wani gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa, aka ɗaure da zaren buhu. Aikin 'yarsa ne, Nuriyya.

Ita kaɗai Allah ya ba su, shi da matarsa Barira, bayan dogon jira. Da ta zo kuma sai ta ƙi magana. Sa'o'inta suna ta surutu, ita sai ido. An sha rubutu, an je asibiti, har dangi sun fara kiranta bebiya a bayan idon uwarta. Ranar da bakinta ya buɗe, kalmar farko da ta faɗa ita ce "Baba", kuma Gwadabe, ƙaton mutum da gemu, ya zauna a tsakar gida ya yi kuka. Daga ranar ba ta sake yin shiru ba. Tana magana da kaji, tana yi wa turmi waƙa. Barira takan ce yarinyar nan ramuwar gayya take yi. Shi dai bai taɓa ce mata ta yi shiru ba.

Ita ce ta kawo ƙorafi cewa babur ɗin Baba ba ya magana, sai dai ta gan shi kwatsam a zaure ba ta yi masa oyoyo ba. Ta haɗa gwangwaninta, ta sa aka ɗaura. Tun daga kwanar masallaci take jin kacau-kacau ta kwaso da gudu.

Da Malam Datti, tsohon mai fito na bakin kogin, ya ga gwangwanin, sai ya gyaɗa kai.

"Yarinyar nan ta fi ka hankali," in ji shi. "Ka ga tsamiyar can ta kan gangara? Akwai masu wurin, kuma da almuru 'ya'yansu ke fitowa wasa a kan hanya. Mai jaki yana tafe yana magana da jakinsa. Mai babur ɗin fetur tun daga nesa an ji shi. Naka kuwa kamar kyanwa. Kada ka kuskura ka wuce nan shiru."

Gwadabe ya ce to. Bai musa ba, bai kuma ɗauka da zafi ba.

Baƙin wannan Asabar sun makara. Babbansu wani matashi ne mai suna Ikrama, mai ɗaukar bidiyo yana sa wa a waya, mutum mai fara'a da ladabi. Kafin su bar kwalta su hau burji, rana ta yi ja. Gero ya yi kai a dama da hagu, iska na kawo ƙamshin danshi da na tafasa. Balbelu na komawa gida layi-layi.

Dab da gangara Ikrama ya matso kusa da shi.

"Malam Gwadabe, don Allah wata alfarma. Gwangwanin nan yana shiga cikin bidiyon. Kukan tsuntsayen nake so in kama. Daga nan zuwa bakin ruwa kawai."

Gwadabe ya dubi tsamiyar a can gaba. Ya dubi baƙonsa. Ta yaya zai buɗe baki ya gaya wa ɗan birni mai waya biyu cewa tsoron taka 'ya'yan aljanu yake yi? Kunya ta rufe shi. Baƙonka annabinka, aka ce. Ya kwance zaren, ya cusa gwangwanin a aljihun riga, ya danne shi da gwiwar hannu don kada ya motsa. Ko sallama bai yi ba, don ita ma za ta shiga bidiyon.

Suka gangara shiru, sai ɗan sautin taya a kan yashi.

A daidai inuwar tsamiyar, tayarsa ta gaba ta hau wani abu mai taushi. Babur ɗin ya yi tsalle. Ya ji wata 'yar ƙara, siririya, gajeruwa, kamar ta ɗan akuya da aka toshe wa baki. Ya taka burki ya waiwaya. Babu komai a hanya, sai sawun taya.

"Lafiya?" in ji Ikrama.

"Saiwa ce," in ji Gwadabe, alhali ya san babu saiwa a wurin.

Rana ta faɗa cikin kogi yadda ta saba, ruwan ya yi jawur, baƙi suka yi ta hotuna suna santi. Suka yi alwala a bakin ruwa, suka yi magariba a kan yashi. Gwadabe ne ya ja sallar, kuma a raka'a ta biyu Ƙulhuwallahu ta kusa kuɓuce masa. Kwale-kwalen Malam Datti na ɗaure, shi ba ya nan.

A komawa ya ce su shige gaba, hanya ɗaya ce, zai biyo su a baya. Yana ganin jajayen fitilunsu suna hawa gangara. Suka wuce tsamiyar lafiya.

Da ya iso, babur ɗinsa ya mutu.

Cajin a cike yake, ya duba kafin ya tashi. Ya murɗa makulli, babu ko ƙyalli. Ya buɗe baki zai kira Ikrama, fitilun suka sha kwana suka ɓace a cikin gero.

Sai ya lura kwaɗi sun yi shiru. Gyare ma ya yi shiru. Iska ta tsaya cak, amma ganyen tsamiyar na motsi. Wani ƙamshi ya taso, na turaren da ake sa wa likkafani.

A gindin bishiyar akwai mace a zaune. Ta miƙe ƙafafu, ta lulluɓe da baƙin zane har fuska. A cinyarta akwai wani abu a naɗe, tsawon yaro ƙarami. Tana jijjiga shi a hankali.

Gwadabe ya fara karanta Ayatul Kursiyyu.

"Karanta," in ji ta. "Ni ma na yi magariba."

Tana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito.

"Baiwar Allah," ya ce da ƙyar, "wace ce ke?"

"Ina gwangwaninka, baban Nuriyya?"

Ya zame daga kan babur ya durƙusa a yashi.

"Duk zuwanka muna jin ka," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Duk 'ya'yan wurin nan ɗana ne ya fi son ƙarar. Da ya jiyo ka sai ya ruga gefen hanya ya tsaya yana leƙen ku. Har kwaikwayon ta yake yi da baki. Yau ka makara. Ya gaji da jira, ya je ya kwanta a tsakiyar hanya, ya sa kunne a ƙasa, wai don ya riga kowa jin ka."

Ta ɗan ɗaga gefen zanen. Wata 'yar ƙafa ta leƙo. Gwadabe ya runtse ido.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban gan shi ba."

"Ba ganinsa aka ce ka yi ba. Cewa aka yi ka bari a ji ka."

Hawaye ne kawai ke bin gemunsa.

"Kuna can kuna kallon rana," ta ci gaba, "ni kuwa na tafi Gaya."

Gwadabe ya ɗago kai.

"Gida mai shuɗin ƙyaure, bayan masallaci. Na shiga har zaure."

"Ki ɗauke ni," ya ce. "Don girman Allah ki ɗauke ni. Ita ba ta san komai ba. Ita ce ma ta yi gwangwanin."

"In yi me da kai?"

Abin da ke cinyarta kawai take jijjigawa.

"Na same ta zaune a dokin ƙofa," ta ce. "Ta karkata kai, ta sa hannu a bayan kunne, tana jiran ka. Irin yadda ɗana ke karkata nasa. Na miƙa hannu." Muryar ta karye. "Na kasa. Na tuna tana da uwa, kuma uwar ba ta yi mini komai ba."

Gwadabe ya kifa goshi a ƙasa yana godiya, kalmomin na sarƙewa a bakinsa.

"Kada ka gode mini. Ba ni gwangwanin, da shi zan rufe shi."

Ya zaro shi daga aljihu. Tsakuwar ta yi kacau, kuma a duk faɗin dajin nan ƙararta kaɗai ake ji. Bai ga ta tashi ba. Hannunta ne ya zo, daga gindin bishiya har inda yake, ya karɓa.

Hannun bai koma ba.

Wani yatsa mai sanyin ƙanƙara ya taɓa kunnensa na dama. Ya zagaya ya taɓa na hagu.

"Ni ba zan ƙara jin muryar ɗana ba," in ji ta, a hankali, ba tare da faɗa ba. "Tashi ka tafi, kafin ubansa ya iso. Shi ba uwa ba ne."

Can cikin gero wani abu mai nauyi ya fara ratsowa. Karan gero na karyewa, kusa, kusa.

Fitilar babur ta kawo da kanta.

Bai san yadda ya hau ba. Bai waiwaya ba. Yana jin ƙasa na girgiza a bayansa har ya hau burji, sannan kwaɗi suka dawo da kukansu gaba ɗaya.

Ya tarar da baƙinsa a bakin kwalta suna jiran sa, suna kallon bidiyonsu. Ikrama ya ce ya yi kyau ƙwarai, kukan tsuntsaye ya fito tas. Gwadabe ya shige gaba, suka kama hanyar Gaya.

Ana kiran lisha ya shiga unguwa. Ya ji ladan. Ya ji janaretan mai shayi, ya ji rediyon maƙwabci, ya ji Barira daga cikin gida tana cewa, "Ga Babanki nan, sai ki bar ni in huta." Zuciyarsa ta ɗan kwanta, ya ce ashe kunnen lafiya.

Nuriyya ta fito da gudu. Ya ji ƙarar silifas ɗinta a kan siminti. Ta ɗaga hannuwa biyu, baki a buɗe, ta faɗa jikinsa.

Bai ji komai ba.

Bakinta na motsi, tana nuna kan babur, da alama tambaya take ina gwangwaninta. Ya rungume ta, ya manna kunnensa a ƙirjinta. Yana jin bugun zuciyarta. Yana jin rawar maganar a ƙashin kumatunsa. Muryar ce babu.

"Malam, ba ka ji tana yi maka magana?" in ji Barira.

An kai shi asibiti a Kano, likita ya ce kunnuwansa garau. Malamai sun yi ruƙiyya, ba abin da ya yi magana a jikinsa. Barira ta ɗauki muryar yarinyar a waya ta kunna masa, sai ya ji kukan kaji da dakan maƙwabta, wurin maganar kuma fili. Malam Datti da ya ji labari cewa ya yi, "Ta yi maka adalci," sannan ya share ido da bakin rawani.

Gwadabe bai bar sana'ar ba. Sai dai yanzu kowane babur nasa da gwangwani a kai, kuma baƙon da ya ce a cire, nan take ake karɓe makulli. In an iso tsamiyar yakan tsaya ya yi sallama da ƙarfi. Baƙi na ɗauka al'adar gari ce, har su ɗauki hoto.

Nuriyya ta girma. Ta koyi tsayawa a gabansa ta yi magana a hankali don ya bi leɓɓanta. Bara aka yi walimar saukarta a Islamiyya, aka ba ta lasifika. Mata na ta share hawaye, malaminta ya ce bai taɓa yaye ɗaliba mai daɗin murya irin tata ba. Gwadabe na sahun gaba, idonsa a kan bakinta.

Da ta rufe Alƙur'ani, ya karkata wajen na kusa da shi ya yi raɗa.

"Don Allah gaya mini, muryar tata siririya ce har yanzu, ko ta canza?"