Allura a Kan 'Yar Tsana

"Madina... ki cire allurar nan."

Hannun Madina ya tsaya cak. Ta ɗago ta dubi Alassan, saurayin da saura kwana goma sha biyu a ɗaura musu aure. Yana tsaye a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba, idanunsa sun yi ja.

"Wace allura, sheri?"

Ya nuna teburinta da haɓa, kamar hannunsa na tsoron wurin.

Tun tana lakwal, 'yar makarantar boko, Madina ke da wannan ɗabi'a. Takan tsinto 'yan tsanan Turawa cikin kayan gwanjo, masu dogon wuya da shuɗin ido, ta goge fuskar da ruwan goge farce, ta shafa musu launin fatar mutanenmu, ta zana ido da gira da ɗan siririn buroshi. Farin gashin ta tsige shi tas, ta dasa baƙin gashin meshi tsilli-tsilli da allura, rami bayan rami. Aiki ne na mai haƙuri, in ta gaji sai ta bar allurar a soke inda ta tsaya.

Wadda ke kan teburin kuwa, ko makaho ya shafa ya san Inna Hajo ce, mahaifiyar Alassan. Ga tsaga biyu a kumatu, ga ɗan tabon gira.

"Kai ka kawo mini ita," in ji Madina a hankali. "Cikin kwalekwale, daga Malanbil, hayin kogi. Kai ka ce hoton amarcin Inna ɗaya tak ambaliya ta cinye shi, in maido mata da ƙuruciyarta ranar aurenmu."

"Na sani."

"Kai ka zauna nan kana ce mini in ƙara wa leɓen duhu..."

"Na ce na sani, Madina!"

Sai ya sassauta murya, ya faɗa mata abin da ita kaɗai ce ba ta ji ba a duk Gaya.

Kadi ce, 'yar kawunsa Garba, wadda tun suna yara take ganin Alassan nata ne. Shekaranjiya ta shigo wai aron almakashi, tana ta "kai, ƙawata, hannunki akwai baiwa", ashe wayarta na ɗaukar hoto. Washegari ciwon kai ya kayar da Inna Hajo a tsakar gida, bakinta ya karkace. Kafin azahar hoton ya zaga gari: fuskar Hajo, da allura tsaye a tsakiyar kai. Har aka samu masu rantsuwa cewa a hayin kogi Madina ta koyo aikin asirin.

"Amma ka san hawan jini ne," ta ce. "Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanbil, maganinta ya yanke. Sati uku ba ta sha ba."

"Kawu Garba ya ce a dakatar da auren."

"Kai me ka ce?"

"Na ce ƙarya ake miki. Wallahi na faɗa, gaban kowa."

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, har ta miƙa hannu za ta riƙo nasa.

"Na yarda da ke, masoyiyata," ya ce. "Amma... ki cire ta. Me zai rage miki?"

Nan ne hawayen suka zubo. Madina ba yarinya ba ce, ta ga ramin da aka haƙa mata. In ta ƙi, Inna ta rasu, ita ce ta kashe ta. In ta cire, Inna ta tashi, ita ce ta sake ta. Kadi dai ta iya ɗinki, ba ta bar ko ƙofa ɗaya ba.

"Alassan, ka san abin da kake roƙona?"

"Uwata ce, Madina..."

Ya durƙusa. Namiji guda, mai dakon buhuna a bakin kogi, yana kuka kamar an yaye shi. Ita kuwa tana son Inna Hajo, matar da ke ajiye mata kan kifi duk ranar Juma'a tana kiranta 'yata. Ta sa yatsu biyu ta zare allurar, ta ajiye masa a tafin hannu.

Bai riƙe ba. Ya bar ta ta faɗi ƙasa.

A ranar da yamma wani matuƙin kwalekwale ya ƙetaro da maganin. Madina ta ji labari, ta yi alwala ta roƙi Allah ya tashi kafaɗun Inna, tana sane sarai da abin da tashin zai jawo mata. Kwana huɗu ba wanda ya leƙo gidansu. Matan da ke kawo 'ya'yansu kallon 'yan tsana suka koma bin wata hanya.

Rana ta biyar da hantsi sai ga Alassan, fuska fal murna, har yana tuntuɓe a zaure.

"Inna ta tashi! Ta sha kunu da hannunta, ta kira sunana."

"Alhamdu lillahi," in ji Madina, kuma har cikin ranta ta faɗa.

"Na shawo kan Kawu. Ya ce in dai kin bar wannan aiki, a manta da komai, a ɗaura ranar da aka sa." Ya kamo hannayenta biyu ya matse. "Na gode, Madina. Allah ya saka miki. Na gode..."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta fi kowa sanin fuska, aikinta ke nan, kuma babu ƙarya ko kaɗan a tasa. Godiyar daga zuciyarsa ta fito.

"Me kake gode mini?"

"Ai... kin..."

"Likita ya duba ta. Mai kwalekwale ya kawo magani. Ni me na yi, Alassan?"

Ya sunkuyar da kai.

Da zaginta ya zo yi, da ta iya yafewa. Ta zare hannayenta a hankali, ta shiga ɗaki, ta jawo akwatin lefen ta ajiye a gabansa. Tana sonsa a lokacin kamar ranta zai fita, kuma ba ta ɓoye ba.

"Ina sonka, Allah ya sani. Amma duk ranar da kanka ya yi ciwo a gidanmu, hannuna za ka fara kallo."

"Madina, don Allah..."

"Ka gaida Inna. Ka ce mata ta riƙa shan maganinta."