Inda Husaina Ta Zame

"Me ka ce?"

A hankali na yi tambayar, amma sai da Maliki ya ja da baya.

Muna tsakiyar Dutsen Kufena, a wata matsattsiyar hanya da sai mutum ɗaya take ci. Dutse a dama, rami a hagu. Malaman makarantarmu, waɗanda muka taho yawon buɗe ido tare daga Kaduna, sun riga sun yi gaba.

"Cewa na yi ki cire takalminki, Kaltu. Wurin da santsi."

"Ƙarshen maganar nake so ka maimaita."



Ni kuwa kunnena ya ji sarai. Cewa ya yi, "Cire takalminki, nan ne Husaina ta zame."

Husaina!

'Yar ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kwana ɗaki ɗaya a gidanmu na Malali. Shekara biyu Baba yana cewa 'yarsa mai takardar malanta ba za ta auri direban ofis ba, kuma a shekara biyun nan ita ce mai kai wa Maliki wasiƙuna unguwarsu ta Kurmin Mashi, ta dawo mini da amsarsa a cikin gyale. Da ƙyar kawuna ya shawo kan Baba. Yau saura mako uku a ɗaura mana aure.

"Ka ce mini ba ka taɓa hawan dutsen nan ba," na ce. "Ka ce da ni za ka fara. Shi ya sa ka nemi ka tuƙo mu."

"Masoyiyata, tsaya ki ji..."

"Wata biyu da suka wuce ta dawo gida tana ɗingishi. Ta ce kwata ta faɗa a bakin kasuwa. Ni na dinga gasa mata ƙafar da ruwan zafi, ni nake wanke mata kaya. Wa ya kai mu wurin mai ɗori a Unguwar Sarki?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ne, Maliki! Har kana juyowa daga kujerar direba kana cewa, 'Sannu ƙanwata, garin yaya haka?'"

"Wallahi ita ta ruɗe ni. Ta ce mini kin haƙura, kin karɓi wani ɗan abokin Baba. Zuciyata ta karye, ita kuma tana kusa..."

"Sau nawa kuka zo?"

"Kaltu, don Allah..."

"Sau nawa?"

"Biyu."

"Na biyun, kafin Baba ya yarda ne ko bayan ya yarda?"

Ya kau da ido. Na gane bayan Baba ya yarda ne.

Na durƙusa na cire takalmina. Ya miƙo hannu, na kalli hannun kamar ban san mai shi ba. Na dafa dutse da tafukana, na sa ƙafa, na ja jikina. Tsakuwa ta yanke ni a diddige. Amma ban waiwaya ba.

Da na kai sama iska ta buge ni. Ga Zariya can a shimfiɗe, ga gonaki kore shar har inda ido ya gaji, ga hanyar Kaduna siririya kamar zare. Wata guda ina mafarkin tsayawa a nan kusa da shi.

"Amarya!" Malama Indo ce take ɗaga mini hannu, mai hoto na jiransu. "Ina kika baro angon? Ko hawan ya fi ƙarfinsa?"

"Ya saba da shi, Malama," na ce. "Ɗauke ni ni kaɗai."

A dawowa kujerar ƙarshe na zauna. Duk sanda Maliki ya ɗaga ido a madubi, sai na juya ga taga.

La'asar sakaliya na shiga gida. Husaina na kan tabarma tana ninke atamfofin lefena.

"Sannu da zuwa, Yaya! Ya dutse?"

"Da santsi," na ce. "Amma an nuna mini inda kika zame, sai na cire takalmi."

Atamfar ta suɓuce daga hannunta.

"Yaya Kaltume, ni..."

"Bar ninkewar haka. Mayar da su akwati."

Baba yana baranda da jaridarsa. Na durƙusa gabansa, ina jiran ya ce da ma ya faɗa mini.

"Baba, a mayar musu da kayansu."

Ya sauke tabarau, ya daɗe yana kallona. Bai tambaye ni dalili ba. Idonsa ya sauka ƙasa, inda diddigena ya ɓata siminti.

"Mamana," ya ce a hankali, "ƙafarki na jini."

Sai a lokacin na fashe da kuka.