Kunne Tsirara

Ranar Asabar ce, rumfar Don Aurelio Paucar da ke titin Quilca a birnin Lima ta cika da 'yan gardama. Tsofaffin kaset da faya-fayai yake sayarwa, amma ba ciniki ke tara mutane ba. Shekara ashirin ya yi yana kaɗa ganguna a ƙungiyoyin rok na ƙarƙashin ƙasa, 'yan subte, masu wasa a gareji da kangon gini, waɗanda rediyo bai san da zamansu ba. Duk makaɗin da ya ce ya iya, Lima ta yarda ya iya.

"Makaɗin rediyo bawan inji ne," in ji shi. "A cusa masa kilik a kunne, abu na yi masa tik, tik, tik, shi kuma yana bi. Cire wayar ka ga yadda zai ruɗe."

'Yarsa Nelida na jera kaset lokacin da wani dogon saurayi ya matso gaban tsohon.

"Da girmanka, Don Aurelio, riƙe kiɗa daidai har awa biyu ba wasa ba ne. Na ga 'yan subte da ke fara waƙa da tafiya su ƙare ta da gudu, su ce wai zafin zuciya ne."

"Ku ji ɗan talabijin!" in ji Fausto, makaɗin da tsohon ya fi yabo, wanda ya daɗe yana zagayen Nelida. "Gilmer Tafur ke nan. Wata takwas ya yi yana kaɗa wa masu hoda a fuska, da suka gaji da shi ya dawo mana."

Aka yi dariya. Gilmer ya ɗauki kaset ya miƙa wa Nelida. Da ta faɗi kuɗin, sai ya juyo mata da kumatunsa na dama.

"Nan ne ɓangaren da ya fi kyau?" ta tambaya.

"A'a, ɗayan ne ya fi muni."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ta rubuta lambarta a bayan kaset ɗin.

Da yamma saƙo ya shigo: "Siririya, na saurari kaset ɗin. Makaɗinsu maye ne. Amma rubutun bayan ya fi kiɗan daɗi."

Ta amsa: "Ɗan talabijin, kira ni mana in ji muryarka."

"Na fi iya rubutu. Muryata ta gangar da ta fashe ce."

Haka suka yi wata biyar. Yakan jira ta a bakin dandalin San Martín, su ci tsiren zuciyar saniya a tsaye. Kullum sai ya sa ta a hannun damansa. Ba ya kira, ba ya ɗaukar kira. Ta ɗauka hali ne.

Wata Talata suna tsallaka titin Abancay, bas ta kwaso daga hagu, direba ya danne hon har mutane suka yi ihu. Gilmer ya ci gaba da tafiya yana ba ta labari. Ta fizgo rigarsa da hannu biyu, suka zube a gefen titi, madubin bas ya wuce ta inda kansa yake.

"Ba ka ji ba?" in ji ta. "Gilmer, duk titin nan ya ji. Ba ka ji ba?"

Ya nuna kunnensa.

"Na hagu ya mutu shekara biyu ke nan. Na dama yana ƙara dare da rana, kamar wayar wuta." Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, da roba biyu ƙanana a ciki. "Likita ya auna kunnena ya yi min waɗannan. Ya ce in na sake zama bayan ganguna babu su, kada in dawo wurinsa ina kuka."

"Wa ya sani?"

"Ke. Siririya, ki rantse min. Kurman makaɗi babu mai ɗaukarsa, ko 'yan rediyo ko 'yan subte. Tun ina ɗan sha biyu ban iya komai ba sai wannan."

Ta rantse. Daga ranar ba ta ƙara barinsa ya tsallaka titi ba tare da ta riƙe hannunsa ba.

A watan Agusta ya zo neman aurenta tare da mahaifiyarsa da kawunsa. Doña Zoila, uwar Nelida, ta dafa agwagwa da shinkafa. Kafin a zuba abinci Don Aurelio ya ajiye waya a kan tebur. Hoto ne Fausto ya ɗauka a wani wasa: Gilmer bayan ganguna, gashinsa ya ɗage, ga wani abu a kunne.

"Mene ne wannan?"

Don Aurelio bai jira amsa ba.

"Kilik ne. A wasan subte! Ba kiɗan ne ya dame ni ba, yaro, ƙaryar ce. Wanda ya yaudari mutum ɗari biyu a gareji zai yaudari mace ɗaya a ɗaki."

"Baba, ba haka ba ne," in ji Nelida. Gilmer ya matse hannunta a ƙarƙashin tebur har ya yi mata zafi.

"To ya nuna min. Lahadi da la'asar, garejin Comas. Waƙa takwas, kunne tsirara. In ya riƙe kiɗa, ku sa rana. In ya ƙi, kada ya ƙara taka Quilca."

"Na yarda," in ji Gilmer.

Nelida ta san abin da ke jiransa, domin a cikinsa ta tashi. A gidansu ba a magana da Don Aurelio sai an tsaya gabansa. Mutanen rumfa sun ɗauka girman kai ne ke hana shi waiwaye in an kira shi daga baya. Ita da uwarta sun san leɓɓa yake karantawa. Ranar da tukunyar gas ta kama da wuta, Doña Zoila na kururuwa a kicin, shi yana falo yana karanta jarida. Babu mai faɗin sunan abin a gidan.

Ta rubuta wa Gilmer: "Makaɗina, kada ka je. Mu tafi ofishin gunduma mu ɗaura aurenmu. Baba zai huce."

"Ba zan sace ki ba. Waƙa takwas minti talatin ne. Kunnena ya jure shekara goma sha huɗu."

"Ina tsoron ranar da zan kira sunanka ka ci gaba da tafiya. Ina tsoron ɗanmu ya yi kuka kana kusa ba ka sani ba."

Ya amsa: "Ni ma ina tsoro, Siririya. Amma na fi tsoron Quilca ba ke."

Garejin Comas rufin kwano ne, bangon siminti, ƙofa ɗaya. Lasifika huɗu suka jingina da bango, kowacce ta kai tsayin mutum. Tun gwajin jita haƙoran Nelida ke kaɗawa saboda tsananin ƙara. Gilmer ya ciro robobin a gaban kowa ya zuba su a tafin Don Aurelio. Fausto ya yi fito, jama'a suka ɗauka.

Waƙar farko ta wuce. A ta biyu ta ga yana karkatar da kai, yana ɓoye kunnen dama a kafaɗa duk lokacin da ya daki faifan ƙarfe. A ta uku ya runtse ido, bakinsa ya buɗe kamar wanda ake cire wa haƙori. Hannuwansa ba su tsaya ba. Ta san ba za su tsaya ba sai ta takwas.

Ta ratsa masu tsalle, wani ya buge ta da gwiwar hannu, ta isa bango ta fizge babbar wayar wuta. Jita suka mutu. Gilmer ya ci gaba da kiɗa shi kaɗai, har sai da ya buɗe ido ya ga kowa na kallonsa.

"Wace mahaukaciya ce wannan?" wani ya yi ihu.

Ta karɓe robobin daga hannun ubanta ta miƙa wa Fausto.

"Ungo, gwani. Sa a kunnenka ka ƙirga mana tik-tik ɗin."

Ya jujjuya su. Ba waya, ba batir. Ya cusa ɗaya, ya saurara, ya cire.

"Ba ya faɗin komai. Toshe kunne kawai yake."

"Toshe kunne kawai yake," ta maimaita, tana fuskantar ubanta don ya ga bakinta. "Kunnensa ɗaya ya mutu, Baba. Ɗayan kake kashewa yanzu."

Gilmer ya ajiye sanduna. Bai dube ta ba.

"Raki ne," in ji Don Aurelio. "Shekara ashirin na yi ba toshe ba komai, ga ni nan garau."

Nelida ta zaga bayansa, taku biyu kacal, ta ce da muryar da duk garejin ya ji:

"Baba, in kana jina, ɗaga hannu."

Ya tsaya yana kallon ganguna. Ta sake faɗa, da ƙarfi. Bai motsa ba. Fuskokin da ke gabansa ne suka gaya masa an yi wani abu a bayansa. Ya waiwaya a hankali, ya ga 'yarsa na hawaye, ya ga mutum ɗari biyu sun sunkuyar da kai. Ya gane.

Ta jira mari. Maimakon haka ya karɓi robobin daga hannun Fausto, ya goge su da bakin rigarsa, ya taka zuwa wurin Gilmer.

"Mayar da su, sakarai. Kaɗa min, kai kaɗai."

Ya durƙusa ya ɗora tafinsa a jikin babbar ganga, ya kafe ido a wuyan hannun yaron. Bayan minti biyu Gilmer na kaɗawa, ya ɗaga yatsa.

"Kana gaggawa in ka shiga amshi. Amma ƙafarka ba ta ƙarya." Ya miƙe da kyar. "Ka gaya wa uwarka ta dawo. Agwagwarmu ba a ci ba."

Kwana huɗu kunnen Gilmer na toshe, kamar yana cikin ruwa. Bai rubuto ba, ita ma ta kasa barci. Ranar Alhamis wayarta ta yi ƙara. Kira ne, na farko tunda suka haɗu.

"Kin karya rantsuwa, Siririya."

"Na karya. Kana jina?"

"Sake faɗa, a hankali."

Ta yi raɗa. Ya maimaita mata abin da ta ce, kalma da kalma. Likita ya ce wani ɗan kaso na jinsa ya tafi, ba zai dawo ba, amma sauran na nan. Ƙungiyarsa ta yi taro, biyu suka ce a nemi wani, uku suka ce ya zauna.

A watan Disamba aka ɗaura aure a ofishin gunduma, aka yi walima a kan rufin gidan su Nelida. 'Yan subte suka zo cikin baƙaƙen riguna, tsofaffin abokansa na talabijin suka zo da kwat, kafin a zuba abinci har sun fara gardama. Don Aurelio ya rungume ango ya ce Allah ya raya su, da ƙarfin da ya sa maƙwabta suka leƙo.

Doña Zoila ta jira aka lafa. Ta dafa kawunansu biyu, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Allah ya ba ku gidan da ba sai an ɗaga murya ba."

Gilmer ne ya fara cewa amin.